Ka Bar Kunya a Gindin Dutse

Xiaobei, Guangzhou.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka da abokan tafiyarka a duk inda kuka sa ƙafa. Na cusa ta ne a cikin safar ulun da na sayo maka, don na san hannunka ba zai kai can ba sai jirgin ƙasa ya yi nisa da Guangzhou. Za ka yi mamaki, mu biyu ne kawai a gidan nan, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma maganar sai da biro. To, ka san halina, ka kuma san matsayinka. Bakina bai saba doguwar magana da kai ba.

Ranar da ka ce mini malaminku na jami'a zai kai ku duwatsun yamma, ku bi ta kan ƙanƙara ku auna yadda take narkewa tana ba koguna ruwa, har ku ƙetare wani mashigi ku sauka ɗaya ɓangaren, ina zaune ina jera samfurin takalman da za mu aika Kano. Na ce Allah Ya kiyaye hanya, ban ko ɗago kai ba. Na ga ka ɗan tsaya, sannan ka shige ɗaki. Wataƙila ka ɗauka abin bai dame ni ba ne. Wallahi ya dame ni ƙwarai, don ni na taɓa taka irin wannan wuri.

Ka tashi ka ga ƙafata ta hagu ba yatsu biyu. In yara suka tambaya nakan ce sanyi ne ya cinye, su yi ta dariya, don a Kano sanyi bai taɓa cin ko farcen wani ba. Yau zan ba ka labarin, ba don hira ba, sai don ka ga ramukan da na faɗa ka kewaye su.

Kana firamare lokacin. Ina harkar duwatsu masu daraja a Bangkok, tun kafin kasuwar can ta rushe mu dawo nan. Ina da amini, Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, ya girme ni, kuma shi ya koya mini duba dutse. Muka gaji da dillalai, muka ce me zai hana mu je har bakin ramin da ake haƙo shuɗin dutsen nan, a arewacin Pakistan, mu saya da hannunmu? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Muka bi mota har inda hanya ta ƙare, muka ɗauki wani dattijo mai suna Gulam ya zama madugunmu, da masu dako kaɗan. Aka ce ramin yana bayan wani mashigi, kuma sai an bi ta kan kogin ƙanƙara. Ni da na ji an ce kogi, kwalekwale na fara tambaya.

Kuskurena na farko sauri. Ina ganin kaina jikan fatake, kakana ya taka har Gwanja da ƙafa, ni kuma na buga ƙwallo a ƙuruciya. Gulam yana tafiya kamar tsohuwar saniya, taku ɗaya, numfashi, taku ɗaya. Na ce a raina wannan so yake kwanaki su yi yawa. Na wuce shi, na riga kowa zuwa zango, na zauna a kan dutse ina yi musu sannu da zuwa. Washegari na tashi kaina kamar ana daka a ciki, shayi ma na kasa riƙewa. Iskar can ba ta da kauri, sai ka ja ka ja ka ji ƙirjinka bai cika ba, kuma ba ruwanta da ƙarfinka. Saboda haka ka bi bayan madugunku, kowane ne shi, ko da ka fi shi tsawon ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishirwa, ka ci abinci ko ya fita ranka, don can yunwa da ƙishirwa ba sa sallama.

Akwai kuma baƙin tabarau. Gulam ya miƙo mini, na ce ni ba makaɗi ba ne, dattijo da gemunsa ba ya yawo da wannan. Yini guda na yi a kan farar ƙanƙara, rana tana dukanta tana dawowa cikin idona. Da yamma sai hawaye, kamar an watsa mini barkono. Da kaina na je na roƙi tabaraun. Naka yana aljihun gefe na jakarka, ka sa shi ko da gari ya yi lumshi.

Na biyu ya fi wannan, don da sunan addini na yi shi. Da asuba a zangon farko na kan ƙanƙara, na ga Gulam ya buga tafinsa a kan dutse ya shafa fuska da hannu ya ta da salla. Na dube shi a wulaƙance, na ce ga ruwa ko'ina amma mutum yana taimama, lallai karatun mutanen nan da sauƙi yake. Na fasa ƙanƙarar da ta rufe wani ɗan gurbi, na cire takalmi da safa, na wanke ƙafa sau uku-uku kamar ina bakin rijiyar gidanmu, na mayar da ita cikin safa da danshinta. Gulam ya ce, "Haji, kada ka ƙara." Na ƙara, kullum, har na daina jin yatsun. Da na daina jin su ma murna na yi, na ce ƙafa ta saba. Da muka sauko likita ya warware safar, sun yi baƙi kamar busasshen dabino.

Allah ba Ya buƙatar yatsunka. Shi da kanSa Ya sauƙaƙa wa matafiyi da wanda ruwa zai cutar. Ka yi taimama, ga dutse nan ba ya ƙarewa. Ka yi ƙasaru, ka haɗa sallolin da aka yarda a haɗa. Kada ka bar salla, amma kada ka mai da ita wurin nuna jarumta kamar yadda ubanka ya yi. Kuma in wani sashe na jikinka ya yi shiru bayan ya gama zugi, ba sabo ba ne, ka nuna wa wanda ya sani nan take.

Na uku, in ka ga dama ka yi dariya, don ni ma yanzu nakan yi. Kogin ƙanƙara yana da tsagogi, wasu a buɗe kana hango shuɗin cikinsu ba ka ganin ƙarshe, wasu kuma dusar ƙanƙara ta lulluɓe su sumul kamar daɓen tsakar gida. Shi ya sa ake ɗaure mutane a igiya ɗaya, in ɗaya ya rufta sauran su riƙe shi. Muna tsakiyar wurin sai fitsari ya matsa ni. Su mutanen can sai dai mutum ya juya baya ya tsuguna a inda yake, yana ɗaure. Ni kuwa, Alhaji guda, a gaban masu dako, a gaban Alhaji Mamman da ya girme ni? Da aka tsaya hutawa na lallaɓa na kwance ƙullina, na nufi bayan wani tudu don in kewaya kamar ɗan mutunci. Ban yi nisa ba ƙasa ta ɓace a ƙarƙashina. Jakar bayana ce ta maƙale a bakin tsagar, na rataye daga hammata, ƙafafuna suna lilo a cikin iska, ina jin ruwa yana gudu can ƙasa cikin duhu.

Gulam ya jawo ciki ya zo ya jefo mini igiya. Da suka fito da ni bai yi faɗa ba. Ya kama igiyar ya sake ɗaure ni da hannunsa, ya ja ƙullin har na ji a haƙarƙarina, ya ce da guntun Turancinsa, "Haji, a nan ba a jin kunya. Kunya a bar ta ƙasa." Abin da na je ɓoyewa kuwa, ai ya riga ya faru a wando, kowa ya gani.

Mutanenmu sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Na san karin maganar tun ina yaro, amma na ɗauki kayan gida na hau dutse da su. Kada ka kwance igiya don kowane dalili, ko da akwai mata a ayarinku, ko da malaminku yana kusa. Ka juya baya ka yi abin da ya kama.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce na ci riba. Saura na Alhaji Mamman, kuma dominsa na ɗauki biro.

Shi ba ya jin Turanci, Faransanci gare shi, don haka ni ne tafinta tsakaninsa da Gulam. Kowace safiya Gulam zai zo bakin tanti ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya: kai yana ciwo? An yi barci? Ana tari? In na juya tambayar zuwa Hausa, Alhaji Mamman zai ce, "Lahiya lau." Ni kuma in ce wa Gulam lafiyarsa ƙalau. To, kai ka sani, ni ma na sani, lafiya lau ɗin Bahaushe gaisuwa ce. Mutum yana kan gadon asibiti, ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi. Gulam bai san haka ba. Shi tambayar likita yake yi, ni kuma ina kai masa amsar zaure.

Kuma ina gani. Tanti ɗaya muke. Na ga ya daina cin gurasa, yana tura mini rabonsa wai shi bai saba da ita ba. Na ji tarin da yake dannewa a cikin rawanin da ya naɗe fuska da shi. Leɓensa ya sauya launi. A zangon ƙarshe kafin mashigi, da safe, na ga mutumin da yake iya gane aibin dutse da ido ɗaya ya zauna yana fama da igiyar takalmi, ya kasa ƙulla ta.

Na ce, "Alhaji, ko dai mu juya?"

Ya harare ni. "Haba Elhaji. Mu zo har nan, yaran ga masu kaya su ga mun koma? Mi za a ce Maraɗi?"

"Jikin nan naka fa ban yarda da shi ba."

"Mura ce. Ka ce mai lahiyata lau, kak ka kunyata ni."

Na durƙusa na ɗaure masa takalmin, na fita na ce wa Gulam lafiyarsa ƙalau. Na ga kamar rashin ladabi ne in ƙaryata wanda ya girme ni a gaban baƙo. Na ga kamar tona masa asiri ne.

Muka kama hawa. Mashigin yana nan a gabanmu, wata 'yar ƙofa tsakanin ƙololuwa biyu, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Da hantsi Alhaji Mamman ya faɗi a wurin da ba tudu ba gangara. Gulam ya dawo da baya, ya ja layi a kan dusar da sandarsa, ya ce Alhaji Mamman ya bi. Ya kasa, yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, shi da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba. Gulam ya janye rawanin, ya ga kumfa mai jaja-jaja a gemunsa. Sai ya juyo ya dube ni, ya ce, "Tun yaushe?" Ya ce da an faɗa masa tun shekaranjiya, da sauka kawai za mu yi, ciwon ba shi da wani magani da ya wuce a gangara ƙasa.

Muka juya. Masu dako suka zubar da kaya suka riƙa goyon sa bi da bi, a kan ƙanƙarar da mutum shi kaɗai ma da ƙyar yake tsayuwa. Allah Ya saka wa bayin nan nasa da alheri. Mun sauka daga ƙanƙarar ke nan, rana ta karkata, rai ya yi halinsa, kansa yana kan cinyata. Ƙasar wurin ba ta haƙuwa. Muka yi masa salla, muka kwantar da shi yana fuskantar alƙibla, muka jera duwatsu a kansa. Mutumin Maraɗi, mai son rana da fura, yana can har yau.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma ban ja da hukuncin Allah ba. Amma an umarce mu da riƙo da sababi, ni kuwa sababin yana bakina na haɗiye shi. Da ƙafata ta warke na je Maraɗi ta'aziyya. Uwargidansa tana bayan labule ta ce, "Ya daɗe yana jinya?" Na ce a'a. Ta ce, "Bai ce komi ba?" Na ce abin da ya yi ta faɗa shi ne lafiya lau. Sai ta ce, "Haka yake."

Kai ma haka kake, kuma wannan ne yake hana ni sukuni. Ka tuna zazzaɓin da ka yi bara, farkon zuwanka garin nan? Na ga idonka ya faɗa, na ce yaya dai, ka ce lafiya lau, ka saɓi jaka ka tafi makaranta. Da azahar sai ga abokinka ɗan ƙasar nan mai suna Ma ya kawo ka a tasi, ba ka san inda kake ba. Ban ga laifinka ba, don na san inda ka koya. Kana ƙarami ka faɗo daga katangar gidanmu ta Fagge, hannunka ya karye, ka buɗe baki za ka yi ihu, na ce maza ba sa kuka. Ka dube ni ka haɗiye, har aka gama ɗori ba ka ce uffan ba. Ran nan na yi ta ba mutane labari a kasuwa ina alfahari. Yau zan so a ce na bar ka ka yi kukanka.

Dauriya abu ne mai kyau, ba ina rushe ta ba ne. Da ita muke zaune a garin mutane, cikin wannan zafi mai danƙo, muna cin taliya safe da yamma. Amma kowane kaya da kasuwarsa. Ka dubi masu shagunan nan da muke ciniki da su. In ka tambayi abin da ba su da shi, sai mutum ya kaɗa hannu ya ce "meyo," babu, ya ci gaba da shan shayinsa, ko a jikinsa. Mu kuwa sai mu ce a dawo anjima, za a duba sito, don kada a ce mun gaza. Da farko haushin meyo ɗin nan nake ji, yanzu na ga amfaninta. In an tambaye ka ƙarfi a kan dutse, in babu, ka ce babu.

Na yi ƙoƙarin gaya wa Ma da kaina ranar Juma'ar da ya biyo mu daga masallaci ya ci shinkafa, tunda ka ce igiyarku ɗaya. Amma ka san Sinancina bai wuce na ciniki ba. Na nuna ka, na nuna kaina, na girgiza hannu. Yaron ya yi murmushi ya ɗaga babban yatsa ya ce "laoban," wato maigida, ina jin ya zaci ƙwaƙwalwarka nake yabo. To, aikin ya dawo kanka. Tun kafin ku fara hawa ka zaunar da shi, ka ce masa mutanenmu ko suna mutuwa cewa suke lafiya lau, don haka kada ya tsaya ga bakinka, ya dubi tafiyarka da cin abincinka, in ya ga ba daidai ba ya gaya wa malam ko ka so ko ba ka so ba. Kai ma ka yi masa haka. In ka ga ya canza, ka tona masa asiri, ya yi fushi da kai a ƙasa yana da rai.

In kuma aka ce ka juya, ka juya, ko da mashigin yana gaban hancinka, ko da kai kaɗai ne baƙar fata a ayarin kana ganin za a ce mutanenku ba sa iyawa. Na san wannan tunanin zai zo maka, don ni ma ya zo mini. Dutsen yana nan baɗi. Ba wanda zai tambaye ka a nan unguwar Xiaobei ko a Fagge ko ka ƙetare. Ni zan zo tasha in ɗaukar maka jaka, ko ka ƙetare ko ba ka ƙetare ba, duk ɗaya ne a wurina.

Mahaifiyarka ta aiko da kaset ta hannun mutanen da suka zo sayen kaya makon jiya. Ta ce a gaya maka ka riƙe azkar na safe da yamma, kuma wai ka riƙa shafa man kaɗanya. Ta sa shi a gwangwani, yana ƙasan jakar. Ban gaya mata irin wurin da za ka ba, na ce mata dai akwai sanyi.

Saura magana ɗaya. Na cika takarda ina ce maka ka ajiye kunya, ba adalci ba ne in riƙe tawa. Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ke nan. Tun ranar da liman ya raɗa maka suna ban taɓa furta shi ba. Kai, yaron nan, wancan, da su na rene ka. Ban taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba. Ƙannenka sun hau cinyata, kai kana tsaye a bakin ƙofa kana kallo, ina ganin ka ta gefen ido. Haka muka tarar ana yi, ban ce laifi ba ne. Amma na riƙe kan mutum a cinyata a gindin dutse, da magana a bakina wadda da na faɗe ta da wuri da ta yi amfani, ba zan sake yin wannan ba.

Idrisu.

Ga shi na rubuta. Idrisu, ɗana, tsoro nake ji. Duk cikin abin da Allah Ya ba ni babu wanda nake tsoron rasawa kamarka, kuma tun kana zanen goyo haka abin yake, faɗa ne ban yi ba. In kun sauko kun sami waya ka kira shagon mai taliya na ƙasanmu, za su hau su kira ni. Zan ce maka yaya jiki, kai kuma ka gaya mini gaskiya.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya daidaita ƙafarku a kan ƙanƙara, Ya tsare gabanku da bayanku da ƙarƙashinku. Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman, Ya haskaka makwancinsa. Na ba Allah ajiyarka, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata. Ka dawo mini da yatsunka goma na ƙafa, Idrisu, in ji sallamarka a bakin ƙofa.

Wassalam.

Mahaifinka.